Jinjina ga Masu Riƙe wa Tsofaffi Lema a Mina

Duk wanda ya taɓa takawa daga tantunan Mina zuwa wajen jifa da rana tsaka ya san aikin Hajji da ƙarfin jiki ake yin sa. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. Bayan an kammala, Ministan Lafiya na Saudiyya ya sanar da rasuwar mutum 1,301, akasarinsu waɗanda suka shiga ba izini, suka yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota, cikinsu har da tsofaffi da masu fama da ciwo. Allah Ya jiƙansu. Da ba don wasu bayin Allah ba, da abin ya fi haka muni, kuma su nake so in jinjina wa.

Ga wata ma'aikaciyar jinya ta tsuguna gaban wata dattijuwa a bakin tanti, ta jiƙa gefen mayafi tana shafa mata a ƙeya.

"Hajiya, ki daure ki kurɓi ruwan nan."

"Ai ba na jin ƙishi, 'yar nan."

"Na sani, Hajiya. Don ni za ki sha."

Wannan nacin nata ilimi ne, domin tsufa yana dusasar da jin ƙishirwa. Jiki na neman ruwa, maƙogwaro bai faɗa ba. Zafin jikin ɗan Adam yana tsayawa ne wajen digiri 37, kuma da zarar an fara tafiya sai tsoka ta ƙara hura wuta daga ciki. Hanya biyu jiki ke bi ya huce: ya turo jini zuwa fata, ya kuma fitar da gumi iska ta busar da shi. Haka randa ke sanyaya ruwa, tana tsattsafowa iska na ɗauke zafin. Matan gida sun san tsohuwar randar da ƙofofinta suka toshe ba ta sanyi kamar sabuwa. To, mai shekara saba'in guminsa yakan makara, idan ya zo ma bai kai na saurayi ba. Jijiyoyin fatarsa ba sa buɗewa sosai, zuciyarsa ba ta da rarar ƙarfin da za ta ciyar da ƙafa da fata lokaci guda, ƙodarsa kuma ba ta tattalin ruwa kamar da. In aka haɗa da ciwon suga, ko maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, tafiyar da ɗansa zai yi yana hira, shi tana iya kai zafin jikinsa sama da 40, ya fara ruɗewa.

Saboda haka yabo ya zama dole ga likitoci da ma'aikatan jinya masu kwana a tsaye, da 'yan agaji masu fesa ruwa a hanya, da matasan da ke tura iyayensu a keke, lema a hannu ɗaya. Mun yaba da fankokin feshi, da itatuwan darbejiya da aka dasa a Arfa, da umarnin da aka bayar a 2024 na dakatar da jifa daga ƙarfe 11 na safe zuwa 4 na yamma ranar da zafi ya tsananta. Allah Ya saka da alheri.

Sai dai da sauran aiki, kuma mafi yawansa a gida yake, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wajen bitar maniyyata, yadda ake koyar da ɗawafi haka ya kamata a koyar da alamomin bugun zafi: jiri, ciwon kai, amai, maganar da ba kan gado. A koya wa ɗan rakiya ya kai tsoho inuwa, ya kwarara masa ruwan sanyi a wuya da hammata, ya kira likita nan take. Dattijon da ya biya kujera ya fara tattaki da sassafe tun watanni kafin tashi, don jikin da ya saba motsi ya fi riƙe ƙarfin fitar da gumi da ƙarfin zuciyarsa, kuma sabawa da zafi kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Mai shan magani ya zauna da likitansa kafin ya hau jirgi. Malamai kuma su riƙa nanatawa cewa shari'a ta yarda mai rauni ya wakilta wani ya yi masa jifa. Tsofaffinmu da yawa kunyar wakilci suke ji, gani suke kamar ladansu zai ragu.

Baba ya yi shekaru yana tara kuɗin kujerar nan, daga gona ko daga rumfar kasuwa. Idan ya ce maka bai gaji ba, ka girmama maganarsa, amma ka dubi rana ka dubi fuskarsa, ka miƙa masa ruwa. Jikokinsa na gida suna jiran dabino da Zamzam daga hannunsa.