JAMI'O'INMU: HUTU NA MANYA, AIKIN JAKI NA ƘANANA

Duk lokacin da aka tayar da maganar jami'o'in ƙasar nan, abin da kunne ya saba ji shi ne albashi, alawus da yajin aiki. A 2020 malamai sun shafe wata tara ba su shiga aji ba, a 2022 kuma suka yi wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kowa ya ji, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. To amma akwai wani haƙƙi da ake ci kullum rana ta Allah a cikin harabar jami'o'in nan, ba a taɓa rufe ƙofa a kansa ba, ba a taɓa kiran 'yan jarida saboda shi ba. Wannan haƙƙi kuwa shi ne lokacin ma'aikaci: awa nawa zai yi, yaushe zai huta, yaushe zai yi salla, yaushe zai koma ga iyalinsa. Alal haƙiƙa, a jami'o'inmu an mayar da lokaci kamar naman layya, manya su zaɓi tsoka, a bar wa ƙanana ƙashi.

Ya kai mai karatu, ka shiga kowace jami'a da hantsi ka duba da idonka. Babba yakan iso lokacin da ya ga dama, ya fita lokacin da ya ga dama, in an tambaya a ce yana wajen taro. Gidansa na kwatas, motarsa ta ofis, ba mai sa masa hannu a littafin zuwa aiki. Shi kuwa masinja, da mai shara, da mai gadi, da lebura, da mai wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje, in ya makara da minti goma sai a ja masa jan layi, gobe ya ga takardar tuhuma. Alhali shi ne wanda ya fi kowa nisan gida. An gina yawancin jami'o'in nan a bayan gari: sabon mazaunin Jami'ar Bayero yana kan hanyar Gwarzo, ta Ahmadu Bello tana Samaru, mazaunin dindindin na Jami'ar Ɗanfodiyo yana can wajen birnin Sakkwato. Ƙaramin ma'aikacin da yake haya a ƙarshen gari sai ya hau abin hawa biyu ko uku kafin ya iso. Wanda ya fi buƙatar sassauci shi aka fi matsa wa, wanda yake kwana a bakin ofishinsa shi aka sakar wa mara. Wannan wane irin adalci ne?

Abin takaicin shi ne, ko dokar da su kansu masu mulki suka rubuta ba ta yarda da wannan ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1974 a zamanin Gowon, ta faɗa a sashe na 13 cewa duk ma'aikacin da zai yi awa shida ko fiye a yini, dole a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Ta ce a cikin kowane kwana bakwai yana da hutun yini guda, awa 24 a jere. Ta ce duk abin da ya haura lokacin aikin da aka yi yarjejeniya a kansa, aikin ƙarin lokaci ne. Mace mai shayarwa kuma dokar ta ba ta rabin awa sau biyu a yini don ta shayar da jaririnta. Wannan doka an yi ta ne musamman don leburori da ƙananan ma'aikatan ofis, wato ainihin mutanen da muke magana a kansu. To mu tambaya, masu gadi nawa ne aka taɓa karanta musu wannan sashe? A wane allon sanarwa aka taɓa manna shi da Hausa? An bar mutane cikin duhu da gangan, domin wanda bai san haƙƙinsa ba, in aka ba shi rabinsa ma godiya zai yi har ƙasa.

Kada kuma wani ya ɗauka awa takwas ɗin nan kyauta ce daga masu jari. Da jini aka samo ta. A ranar 1 ga Mayu 1886 ma'aikata suka fito a birnin Chikago na Amurka suna neman a tsayar da aiki a kan awa takwas, aka harbe wasu, aka rataye wasu daga jagororinsu. Sai a 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa awa 8 a yini da awa 48 a mako a yarjejeniyarta ta farko. A nan gida ma, gwamnatin Abubakar Rimi a Kano ta ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. Yau fiye da shekara ɗari da waccan yarjejeniya, ka je ƙofar jami'a ka ga mai gadi yana karɓar aiki ƙarfe shida na yamma ya miƙa shida na safe. Awa 12 sau shida, awa 72 ke nan a mako, a gidan da ake koyar da dokar ƙwadago a aji, ake ba da digiri a kanta!

In ka yi magana sai a ce maka ai ba ma'aikacinmu ba ne, na ɗan kwangila ne. Nan ne dabarar take. A zamanin Obasanjo, tsakanin 2003 da 2007, da sunan gyaran aikin gwamnati aka sallami ɗimbin ƙananan ma'aikata, aka miƙa shara da gadi da makamantansu ga kamfanoni. Aikin bai canza ba, tsintsiyar ma ita ce dai, sai dai mai riƙe da ita ya rasa fansho, ya rasa hutun shekara, ya rasa ƙungiyar da za ta tsaya masa. Hukuma ta biya kamfani, kamfani ya yanki rabonsa, ya miƙa wa matar da ta wanke banɗakin ɗalibai ɗari abin da ya rage. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In ɗanta ya kwana da zazzaɓi ta kai shi asibiti, a yanke mata kuɗin yini. Hukumar da ta sa hannu a kwangilar ba za ta wanke hannunta a gaban Allah da cewa ba ita ta ɗauke ta aiki ba, tunda harabarta ake sharewa, kuɗinta ake biya.

Shekarar 2023 ta tona asirin masu cewa sassauci ba zai yiwu ba. A ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Nan take jihohin Kwara da Edo suka rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis zuwa uku. A watan Agusta na 2023 Jami'ar Ibadan ita ma ta amince ma'aikata su riƙa zuwa kwana uku a mako, ban da masu aikin da ba ya tsayawa. Tun kafin nan, a Disamba 2021, Kaduna ta koma kwana huɗu. A Ingila ma, a 2022 kamfanoni 61 suka gwada aikin kwana huɗu na wata shida ba tare da rage albashi ba, 56 daga cikinsu suka zarce da shi bayan gwajin. Ashe dai ana iyawa. Sama ba ta faɗo ba.

To amma ku lura da wanda ya ci moriya. Mai kwamfuta da intanet ya zauna a falonsa ya tura takarda. Mai gadi ba zai yi gadi daga gida ba, mai shara ba za ta share aji ta waya ba, ma'aikaciyar jinya a asibitin jami'a ba za ta yi allura daga ɗakinta ba. Duk tsarin da ya sauƙaƙa wa na ofis bai tanadi komai ga waɗannan ba, ya ƙara faɗin ramin da ke tsakani ne kawai. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. A ce mutum yana kashe naira 2,000 a mota kullum, a kwana 22 ya kashe 44,000. Da me zai sayi masara? In ba za a iya rage masa kwanaki ba, me ya hana a ba shi motar ma'aikata, ko alawus na sufuri, ko a tsara karɓa-karɓa ta yadda zai yi awa takwas ya tafi?

Sai maganar salla. Mu sani cewa makon aikin da muke bi ba daga sama ya sauko ba. Hutun Lahadi sarkin Rum Kustantin ne ya mayar da shi doka a shekara ta 321, Turawan mulkin mallaka suka zo mana da shi. Kafin su zo, da ma har yau a makarantun allo, Alhamis da Juma'a ake hutu. Ba muna cewa a hana kowa ranar ibadarsa ba, kuma Musulunci bai haramta aiki ranar Juma'a ba. Abin da Suratul Jumu'a ta wajabta shi ne a bar harka in an kira salla, in an idar kowa ya koma neman halalinsa. To wannan ɗan lokacin ma sai an roƙa? Don me za a sa lakca ko jarrabawa ko taron sashe daidai lokacin huɗuba? Don me mai gadi zai zaɓa tsakanin jam'i da abincin 'ya'yansa, alhali da an tsara masu canjinsa da kowa ya samu? Daular Larabawa tun Janairu 2022 ma'aikatan gwamnatinta suke tashi da tsakar rana ranar Juma'a. A Saudiyya doka ta tsayar da aikin Musulmi a kan awa shida a watan Ramadan. A nan ma jihohi irin su Jigawa sukan rage wa ma'aikata lokaci in azumi ya kama. Abin da muke ƙi shi ne a bar wannan a hannun oga: in mai tsoron Allah ne ka huta, in ba shi ba ne ka sha wuya. Haƙƙin da yake rataye da fara'ar shugaba sunansa alfarma, alfarma kuwa ana janye ta ranar da aka ga dama.

Su ma malamai, musamman ƙananansu, ba su tsira ba. Jama'a suna ganin lakcara ba ya sa hannu a littafi sai su ce ai shi ɗan gata ne. Ba su ganin daren da yake rabawa yana duba takardun ɗalibai ɗaruruwa da fitilar waya, ga ɗaliban da yake duba wa kundin bincike, ga darasin babban da ya tafi wata jami'a koyarwar wucin gadi ya bar masa. Wanda ba a ƙayyade masa lokacin tashi ba, ba shi da lokacin tashi. Yarjejeniyar 2009 tsakanin gwamnati da ASUU ta tanadi alawus na aikin da ya wuce ƙima, amma sai da aka yi ta yajin aiki shekara da shekaru ana bin bashinsa.

Sai dai fa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ya kai ɗan'uwa ma'aikaci da kake fita da sunan sallar Azahar ba ka dawowa sai La'asar ta gota, ka sani kai ma azzalumi ne. Ɗalibin da ya taso daga Gashuwa ko Yawuri don karɓar takardar sakamakonsa, ya tarar da ofishinka a kulle da sallaya a kan kujera, haƙƙinsa yana wuyanka. Wanda yake ɓacewa tun sha ɗaya na safiyar Juma'a sai Litinin, shi ne yake ba maƙiya salla hujja, shi ne yake sa a ƙuntata wa masu gaskiya. Albashin awa takwas da aka yi wa aikin awa uku, mai cin sa ya binciki halaccinsa. Lokacin aiki amana ne a wuyan ma'aikaci, kamar yadda hutun ma'aikaci yake amana a wuyan shugaba.

Don haka muna kira ga majalisun gudanarwar jami'o'i da shugabanninsu da magatakardansu da su rubuta ƙa'idar lokacin aiki a fili, da Turanci da harshen mutanen wurin, a manna ta inda kowa zai gani. A sa awa takwas ta zama iyaka ga kowa, abin da ya haura a biya. A sa hutun awa ɗaya da lokacin salla a cikin jadawalin lakca da na jarrabawa da na karɓa-karɓa. Duk kamfanin da zai karɓi kwangilar shara ko gadi, a rubuta masa waɗannan sharuɗɗa a takardar kwangila, in ya saɓa a ƙwace. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun ba mai jego mako 16, a 2021 kuma an amince wa uba da kwana 14. To matar da take shara a ƙarƙashin ɗan kwangila ita ma haihuwa take yi, ba ta da bambanci da matar ofis.

Ku kuma shugabannin ASUU da SSANU da NASU da NAAT, kun nuna kuna iya tsayar da jami'a cak saboda alawus. Muna jiran ranar da za ku buɗe baki saboda mai gadin da yake buɗe muku ƙofa, ko da ba ya biyan kuɗin ƙungiya. Limamanmu na masallatan jami'o'i, shugabannin nan a sahun gaba suke zama, ku faɗa musu cewa addini ya hana a ɗora wa ma'aikaci abin da ya fi ƙarfinsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya ba shugabanninmu tausayin na ƙasa da su, Ya ba ma'aikatanmu riƙon amana, Ya isar wa duk wanda aka ci guminsa.