Daga Teburin Malam: Mowab, Garin da Keke ke Ciyarwa

Ran nan a aji muna cikin labarin Rut mutuniyar Mowab, sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce shi ya ga Mowab a wayar wansa, wai mutane suna hawan duwatsu da keke. 'Yan aji suka bushe da dariya, ni ma saura kaɗan in tsawata masa. Ashe yaron da gaskiyarsa. Akwai wani Mowab ban da na hayin Tekun Gishiri, ƙaramin gari ne a jihar Yuta ta Amurka, kusa da kogin Kolorado. A ƙidayar 2020 mutanensa 5,300 ne da 'yan kai.

Ƙasar hamada ce ta jajayen duwatsu, ruwan sama kuwa bai fi inci 10 a shekara ba. A 1952 wani mutum mai suna Charlie Steen ya tono yuraniyom a yankin, irin wanda a ke haƙa a Arlit ta Nijar. Garin da bai kai mutum 1,300 ba a 1950 ya haura 4,600 a 1960. Daga baya kasuwar ta faɗi, a 1984 aka rufe ma'aikatar da ke tace shi. Magidanta da yawa suka kwashe iyali suka bar garin.

Ana nan, can Kalifoniya waɗansu samari sun riga sun soma gangara tuddai da tsofaffin kekuna masu kaurin taya tun cikin shekarun 1970. Daga wasan nan keken dutse ya fito, mai ƙarfin ƙashi, da giya da yawa, da birki mai kamawa. A 1981 kamfanin Specialized ya soma ƙera shi da yawa domin sayarwa. A 1983 kuwa 'yan'uwa biyu, Bill da Robin Groff, waɗanda aikin ma'adinai ya kuɓuce musu, suka buɗe shagon keke a Mowab.

Abin da ya jawo duniya shi ne wata hanya da a ke kira Slickrock, watau dutse mai santsi. Tun 1969 aka shata ta domin masu babur. Tsawonta mil 10 da rabi, kusan dukanta a kan falalen dutse ta ke, hawa da gangara ba hutawa. Mutanen dā ne suka ba dutsen wannan suna, gama dawakinsu masu takalmin ƙarfe su kan zame a kansa. Amma ga tayar roba kaushi gare shi kamar dutsen niƙa, har mutum ya kan hau tudun da ido ya ce ba ya hawuwa. Babu kwalta, babu shinge, sai ɗigon farin fenti a kan dutsen, shi mahayi ya ke bi. Akwai kuma gajeren zagaye na kamar mil 2 domin gwaji, ko da ya ke shi ma ba na ɗan koyo ba ne. Mai iyali gara ya nufi hanyar Bar M a arewacin garin, wadda yara ma su ke iya bi.

Masu ƙarfin hali su kan shiga mota a kai su kan duwatsun La Sal, su tashi daga Burro Pass, sama da ƙafa 11,000, su yi ta gangara daga cikin sanyi da itatuwa har bakin kogi, inda tudun ya ke wajen ƙafa 4,000. Akwai kuma White Rim a gandun Canyonlands, zagayen mil 100, kwana uku ko huɗu a kan keke. Tsohuwar hanya ce da aka yi wa masu neman yuraniyom a shekarun 1950. Sai da izini a ke shiga, kuma babu ruwan sha a hanyar, sai wanda ka ɗauko.

Wannan zancen ruwa ba na wasa ba ne. Da bazara zafi ya kan wuce digiri 38, inuwa kuwa babu. An sha rasa rayuka a waɗannan hanyoyi, waɗansu domin ƙishi, waɗansu sun bar fentin suka faɗa kwazazzabo. Hukuma ta kan ce kowane mutum ya riƙe galan guda a yini, watau wajen lita 4. Shi ya sa baƙi suka fi zuwa daga Maris zuwa Mayu, sa'an nan Satumba da Oktoba.

Barin hanya yana da wata ɓarna kuma. A kan ƙasar akwai wani baƙin ɓawo mai rai, na ƙananan halittu irin su gansakuka, shi ne ke riƙe yashi kada iska ta kwashe. Taya guda ta isa ta farfasa shi, ya kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya komo. Da ɓarnar baƙi ta yi yawa, a 1995 hukumar filaye da ƙaramar hukumar yankin suka haɗa kai suka soma kula da wurin da Slickrock ya ke, suna karɓar kuɗin shiga.

Ni dai a ganina 'yan garin sun yi dabara, gama dutsen da ba ya noma shi ke ba su tuwo yau. Amma ban yarda a ce sun huta ba. Kuɗin gida ya hau ƙwarai, har waɗansu masu dafa wa baƙi abinci da masu gyaran keke suna kwana cikin mota. Aikin kuma na lokaci ne, in sanyi ya shigo ya kan ja baya. Dā sun dogara ga abu guda ya yashe su, yanzu ma kusan abu guda ne.

Da na gama ba 'yan aji labarin, yaron nan ya tambaye ni ko keken babansa zai iya Slickrock. Na ce ya fara kai shi a gyara birkin baya tukuna, gama na sha ganinsa a gangaren makaranta yana tsai da shi da silifa.