Sassaƙen zamani na neman matsuguni a babban birnin tarayya

Tun a shekarar 1993 aka kafa Hukumar Taskar Zane-zane ta Ƙasa da dokar soja mai lamba 86, aka ɗora mata alhakin tattara ayyukan fasahar zamani na Najeriya da adana su da baje kolinsu. Bayan fiye da shekara 30, hukumar ba ta da zauren baje koli na dindindin da ya dace da babban birnin tarayya. Cibiyar al'adu ta Millennium Tower, wadda aka soma ginawa a 2006, har yau ba a kammala ta ba.

Wannan giɓi ya fi bayyana idan aka dubi sassaƙen zamani mai siffofin lissafi, wato wanda ba ya kwaikwayon mutum ko dabba, sai da'ira da murabba'i da kusurwoyi. Irin wannan aiki yana bukatar fili da haske da tazara, domin sai mai kallo ya zagaya shi kafin ya gane yadda sassansa suka haɗu. Idan aka jingine shi a barandar ma'aikata, ya zama ƙarfe kawai.

El Anatsui, ɗan Ghana da ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, ya shahara da lanƙwasa dubban murafen kwalabe yana ɗinke su da wayar jan ƙarfe. A 2023 aikinsa ya cika babban zauren Tate Modern da ke Landan. A Nsukka ya ƙware a wannan salo, amma kafin ɗalibin Abuja ya ga manyan ayyukansa ido da ido, sau da yawa sai ya nemi biza.

Siffofin lissafi kuwa ba baƙi ba ne a Arewa. Dagin Arewa, da zayyanar bangon fadoji, da bakan gizon da Babban Gwani ya gina a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, duk daga wannan tushe suke. Saboda haka wannan sassaƙe na iya jawo masu kallon da ke ƙyamar mutum-mutumi bisa dalilin addini.

A nan ne batun manufa ya taso. Gidajen baje koli masu zaman kansu kasuwa suke yi, kuma babu laifi a ciki. Aikin zauren gwamnati daban ne: ya sayi abin da kasuwa ba ta waiwaya ba tukuna, ya kare shi daga ɗumi da tsatsa, ya buɗe ƙofa ga 'yan makaranta.

Gwamnati ta yi fafutukar dawo da kayan tagulla na Benin, Jamus ta kuma miƙa wasu a Abuja a Disambar 2022. Ma'aikatar al'adu da aka ware a 2023 tana da damar nuna irin wannan himma ga masu sassaƙa da ke raye, ta hanyar sanya kuɗin gini da na sayen ayyuka a kasafi. In ba haka ba, ayyukan yau za su ci gaba da fita waje, wannan karon da rasit a hannun mai saye, kuma babu hujjar neman a dawo da su.