A Sayi Haɗaɗɗiya Ko A Haɗa Da Hannu?



Yayana yana da shagon cajin waya a nan Rano. Shekara guda yana zubin adashe, yanzu ya kusa kwasa. Burinsa ya sa kwamfuta a shagon don yara su riƙa buga wasan ƙwallo suna biya. Abokinsa ya ce ya sayi 'yar ƙaramar nan da kamfani ya haɗa, wadda ba ta wuce girman ƙamus ba. Ni kuwa na ce: "Yaya, mu sayo kayan ɗai-ɗai a haɗa mana babba." Ya yi dariya ya ce in kawo hujja. Ga ta.

Duk wanda ya taɓa yin motar kara ya san in tayarta ta fita, tsohon silifas zai yanka ya mayar. Ta roba ta kasuwa kuwa, in ta karye sai bola. Haka kwamfuta take. A yawancin ƙananan nan, firosesa da abin da ke sarrafa hoto a manne suke da allon ciki, ba a cire su. In ɗaya ya mutu, kusan duka an yi asara. A babba kuwa komai yana da gurbinsa. Abin da ya lalace kaɗai za ka sa a aljihu, ka hau mota zuwa Farm Centre a Kano ka nemo wani.

Na biyu, zafi da ƙura. Wasa yana sa kwamfuta ta yi zafi, in ya yi yawa sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ku tuna zafin Afrilu a shago mai rufin kwano, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Babba tana da wurin shan iska, kuma ana buɗe ta a kaɗe.

Na uku, ba sai kuɗi sun cika ba. A fara da RAM mai giga 8, in ciniki ya kankama a ƙara wani 8. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma abokin Yaya ma yana da gaskiyarsa. Babba ta fi cin wuta nesa ba kusa ba, shagon kuma da sola yake aiki, don haka sai an ƙara batir. Sannan in ba ka sani ba za ka sayo abin da bai dace ba, misali RAM na DDR4 ba ya shiga gurbin DDR5. Maganin wannan shi ne a tafi da masani, a gwada komai kafin a biya.

Ni abin da ya fi ja na shi ne koyo. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, amma da yawanmu tsoron taɓa ta muke yi. Wanda ya ga cikinta ya ɗaura fanka da hannunsa, tsoro ya tafi.

Ina roƙon malaminmu na kwamfuta ya buɗe mana ko da matacciya ce mu ga cikinta. Yaya kuma ya ce sai ya yi lissafin kuɗin batir tukuna.

Daga ɗalibi ɗan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida