Kyanwa da Ciwon Mafitsara: Abin Yi Kafin Sakamakon Awo Ya Fito

Hausawa kan yi wa kyanwa kirari da mage mai kwanciyar ɗaukar rai, domin idan ta miƙe a inuwa ta lumshe ido, sai mutum ya ɗauka babu abin da ya dame ta a duniya. To, amma ba kowace kwanciya ce ta jin daɗi ba. Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo ƙwarai da gaske, sau da yawa kuwa kafin masu ita su farga, cuta ta riga ta ci jiki. A wannan mako filin nan zai duba wata larura da ke yawan damun kyanwoyi, watau ciwon mafitsara, musamman halin da mai kyanwa kan shiga a 'yan kwanakin nan da ke tsakanin ranar da likita ya ɗebi fitsari da ranar da sakamakon awo zai fito.

A ɗauki misalin wani magidanci mai sayar da hatsi a ɗaya daga cikin unguwannin Hausawa na birnin Ikko. Yana da muzuru ɗan shekara huɗu, wanda tun zuwansa gidan ɓera bai ƙara huda buhun wake ko na masara a sito ba. Kwanci tashi sai aka fara ganin muzurun nan yana yawan tsugunno, ya yi ta yunƙuri yana kuka, abin da zai fito bai wuce ɗigo biyu ko uku ba, wani lokaci har da jini-jini. Daga nan ya shiga yin fitsari a inda bai saba ba: yau a kan tabarma, gobe a cikin bahon wanka, jibi a kan simintin tsakar ɗaki. Uwargida ta gaji da wanki, ta ce, "Maigida, wannan muzuru ya lalace, a kai shi kasuwa a saki." Abin ya lafa bayan mako guda, ya sake dawowa, ya kuma lafawa. A karo na uku cikin wata huɗu ne maigidan ya sa shi a kwando ya kai shi asibitin dabbobi.

Likita ya lalubi marar muzurun, ya tabbatar fitsari bai toshe ba, ya ɗebi fitsari da jini, ya ba da maganin rage zafi, sa'an nan ya ce a dawo bayan kwana uku. A nan ne fa wahalar take. Maƙwabta kowa da shawararsa: wannan ya ce a jiƙa kanwa a ɗura masa, wancan ya ce a fasa kafso a zuba a abinci, wani kuma ya ce ai rabin Panadol ya wadatar. Ga muzuru yana kuka, ga yara sun tsare ubansu da ido.

MENE NE KE KAWO SHI?

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, alamun nan ba na cuta ɗaya ba ne. Yawan tsugunno, da kuka wajen fitsari, da jini, da lasar gaba, duka suna iya fitowa daga dalilai daban-daban, ido kuwa ba ya iya bambanta su. Akwai tsakuwar mafitsara, akwai ƙwayoyin cuta, akwai ƙari, wanda bai cika faruwa ba, akwai kuma kumburin mafitsara wanda ake yin duk wani awo ba a ga abin da ya haddasa shi ba.

Abin mamaki, wannan na ƙarshe shi ne ya fi yawa. A cikin kyanwoyin da ba su kai shekara 10 ba, fiye da rabin masu wannan larura kumburin nan ne ke damunsu, ƙwayoyin cuta kuwa kaso kaɗan ne ƙwarai. Dalili shi ne, fitsarin kyanwa mai ƙuruciya yana da kauri, ƙwayoyin cuta ba su jin daɗin zama cikinsa. Sai shekaru sun ja, ko ciwon ƙoda ko na sukari ya tsinka fitsarin, sa'an nan su kan sami wurin zama. Shi ya sa likita ya haɗa da ɗiban jini.

Shi kumburin da ba a ganin dalilinsa, masana sun gano yana da alaƙa mai ƙarfi da tashin hankali. Wani likitan dabbobi na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka, Farfesa Tony Buffington, ya shafe shekaru yana bincike a kansa, ya kuma nuna cewa irin waɗannan kyanwoyi jikinsu ya fi na sauran saurin razana, ta yadda ƙaura zuwa sabon gida, ko zuwan baƙi, ko hayaniya, ko baƙon muzuru da ke hawa katanga, kan isa su tayar da ciwon. A gidan mai hatsin nan, da likita ya yi tambaya, sai aka tuna cewa magina sun yi wata uku suna ƙara ɗaki, an kuma koma kulle muzurun da rana, ana ba shi busasshen abincin nan na leda kaɗai.

DON ME AKE JIRA?

Mutane da yawa kan zaci jinkirin sakamako sakaci ne na ma'aikatan ɗakin awo. Ba lalle ba ne. Awon fitsari kashi biyu ne. Na farko ana iya gama shi a ranar: a duba kaurin fitsarin, da tsaminsa, da ko akwai jini ko sukari, a kuma leƙa ta madubin likita a ga ko akwai 'yan ƙananan duwatsu masu kama da garin gishiri. Na biyu shi ne shukar ƙwayoyin cuta, watau a shafa fitsarin a faranti na musamman, a ajiye a wuri mai ɗumi, a jira a ga ko wani abu zai tsiro. Wannan kan ci kwana ɗaya zuwa biyu. Idan ya tsiro, sai a ƙara wani lokaci ana gwada masa magunguna domin a san wanda ke kashe shi. Ƙwayar cuta kuwa ba ta san gaggawa ba, sai lokacinta ya yi.

Saboda wannan awo ne likita kan fi son ɗebo fitsarin da siririyar allura ta fatar mara kai tsaye daga mafitsara, domin wanda aka kwashe a ƙasa ya riga ya gauraya da datti. Idan kuma ana zargin tsakuwa, sai a ɗauki hoton ciki. Irin waɗannan ayyuka ana samunsu a asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Ibadan, da Nsukka, da Sakkwato, da Maiduguri, da kuma asibitoci masu zaman kansu a manyan birane.

WANDA BA A JIRA DA SHI

Akwai hali guda wanda idan ya auku, to, zancen jira ya ƙare. Hanyar fitsarin muzuru ta fi ta macen kyanwa tsawo da ƙunci, saboda haka majina da garin duwatsun nan, ko 'yar ƙaramar tsakuwa, kan iya toshe ta ɗungum. Idan haka ta faru, mafitsara sai ta cika ta yi tauri kamar ɗanyen lemo, ƙoda ta kasa aiki, dafin da ya kamata ya fita ya taru a jini, har ya kai ga tsayar da zuciya. Kwana biyu zuwa uku sun isa a rasa dabbar.

Alamun su ne: muzuru ya yi ta tsugunno ba ko ɗigo, ya ƙi abinci, ya yi amai, ya ɓuya a lungu, jikinsa ya mutu, ya yi ƙara idan an taɓa cikinsa. Da yawa kan ɗauka kashi ne ya ƙi fita, su tsaya neman maganin sassauta ciki, alhali kuwa lokaci yana ƙurewa. Duk muzurun da ya yini yana yunƙuri ba a ga jiƙar ƙasa ba, a ɗauke shi zuwa wurin likita nan take, ko da dare ne, ko da ranar hutu ce. Kada a matsa cikinsa da nufin taimako, domin mafitsarar na iya fashewa. Likita ne zai sa masa barci, ya zura siririyar roba ya buɗe hanyar, ya yi masa ƙarin ruwa. Saboda haka tun ranar da aka kai awo, kamata ya yi a tambayi likita inda za a same shi idan ta ɓaci cikin dare.

AIKIN MUTANEN GIDA

Idan fitsari yana fita, ko da kaɗan-kaɗan ne, akwai abubuwa huɗu da ke hannun mutanen gida.

Na farko shi ne ruwa. Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar ƙasa mai ƙarancin ruwa, wadda ta saba samun ruwanta daga naman abin da ta kama. Shi ya sa har yau ba ta cika jin ƙishirwa ba. Tana bukatar kimanin mililita 50 a kan kowane kilo na nauyinta a yini, har da ruwan da ke cikin abinci. Watau mai kilo 4 tana bukatar kusan mililita 200, cikin kofin shayi ke nan. Busasshen abincin leda ruwansa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, na gwangwani kuwa ya kai kashi 75 ko fiye. A ajiye kwanonin ruwa masu faɗi a wurare biyu ko uku, nesa da inda take ba-haya, a riƙa sauyawa safe da yamma. Ana iya ƙara mata romon kaza ko na kifi wanda ba a sa masa gishiri ko dunƙule ba, ba kuma albasa ko tafarnuwa, domin waɗannan biyu suna lalata jinin kyanwa. Sauya abinci gaba ɗaya kuwa a bari sai likita ya ce, a kuma yi shi sannu a hankali.

Na biyu shi ne wurin tsugunno. A zuba yashi mai tsabta a cikin faffaɗan baho, a ajiye a lungu mara hayaniya, a riƙa kwashe wanda ya jiƙe kullum. Ƙa'idar masana ita ce, kowace kyanwa da bahonta, a kuma ƙara guda a kai. Wannan yana da wani amfani kuma: ta wurin yashin ne za a gane ko fitsari yana fita.

Na uku shi ne kwanciyar hankali. A ba ta wurin ɓuya, ko kwali ne, da wani wuri mai tudu da za ta hau. A hana yara bin ta da gudu. Uwa uba, kada a doke ta don ta yi fitsari a tabarma. Ba iskanci ba ne, zafi ne ya sa ta tsani inda ta saba tsugunawa, ta koma neman wuri mai sanyi da santsi. Duka kuwa tsoro yake ƙara mata, tsoron kuma shi ne itacen da ke hura wutar ciwon.

Na huɗu shi ne rubutu. A sami 'yar takarda a riƙa rubuta sau nawa ta tsuguna, da launin fitsarin, da abin da ta ci, da abin da ya faru a gidan a ranar. Dabba ba ta da bakin faɗa, wannan takarda ita ce za ta yi magana a madadinta a gaban likita.

GARIN NEMAN GIRA

Game da shawarwarin maƙwabta kuwa, a yi hattara. Farasitamol, wanda aka fi sani da Panadol, dafi ne ga kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda ta mutum ke yi. Ƙwaya ɗaya tak na iya kashe ta, bayan fuska ta kumbura, dasashi ya sauya launi, numfashi ya gagara. Magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac su ma suna iya kashe mata ƙoda. Kafso kuma, tun da yawancin lokaci babu ƙwayar cutar da zai kashe, aikin banza ne. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, kumburin nan kan lafa da kansa cikin kamar mako guda, sai a yaba wa kafso aikin da bai yi ba.

Ita kuwa kanwa da sauran jiƙe-jiƙe, haɗarinsu shi ne tsakuwar mafitsarar kyanwa iri biyu ce manya, kuma abin da ke hana ɗaya na iya taimakon ɗayar. Wadda ake kira situruvait ta fi haɗuwa a fitsari mara tsami, abinci na musamman kuma kan narkar da ita cikin 'yan makonni. Ɗayar, watau okzalet, ba ta narkewa da abinci, sai an fitar da ita, galibi ta hanyar tiyata. Cibiyar binciken tsakuwa ta Jami'ar Minnesota a Amurka ta nuna cewa a shekarar 1981 kashi 78 cikin 100 na tsakuwoyin kyanwa da aka kai mata situruvait ne, okzalet kuwa kashi 2 kacal. Da masu yin abincin kyanwa suka shiga ƙara wa fitsari tsami don yaƙar ta farko, ya zuwa shekarar 2002 okzalet ta haura rabi. Idan masana da ma'aunansu sun gamu da haka, ina ga mai jiƙa kanwa a moɗa?

RANAR SAKAMAKO

Idan ranar ta zo, mai yiwuwa ne likita ya ce wa mai hatsin nan ba a ga ƙwayar cuta ba, ba a ga tsakuwa ba. Kada ya ce ya yi asarar kuɗinsa. Wannan ma amsa ce, domin ta nuna maganin muzurunsa yana cikin kwanon ruwa, da bahon yashi, da zaman lafiyar gida, ta kuma tsare shi daga sayen magunguna barkatai. Ya dai san cewa ciwon na iya dawowa, musamman ga dabbar da ta yi ƙiba, ba ta motsa jiki, amma kulawa tana rage yawan dawowarsa da tsananinsa.

Muzurun da ya shekara huɗu yana gadin sito bai taɓa neman lada ba, bai cancanci a kai shi kasuwa a saki ranar da ya kwanta ciwo ba. Haƙurin kwana uku da sa ido a kan bahon yashi shi ne abin da yake bin mutanen gidan. Allah Ya ba da lafiya ga mutum da dabba, amin.