Wanda zai gina masallaci, ya auna alƙibla kafin ya haƙa tushe

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ƴan'uwa Musulmi, fuskantar alƙibla sharaɗi ne na ingancin salla, umarninsa yana cikin Suratul Baƙara, aya ta 144. Duk da haka ana gina masallaci da kuɗin jama'a, magini ya dubi mafitar rana ya ce nan ne gabas. In aka ce a auna, sai a ce bidi'a ce, haka muka tarar da iyaye.

Ku sani, tsakanin kowane gari da Ka'aba akwai abu biyu da ake lissafawa: nisa da fuska. Daga Maraɗi zuwa Makka ya haura kilomita 3,500. Fuska kuwa ana ƙirga ta da digiri, daga arewa a karkato zuwa dama. Gabas tsantsa digiri 90 ce. Alƙiblar Maraɗi da Damagaram kusan 71 ce, ta Yamai 72, ta Tawa tsakanin 73 da 74. Wanda ya miƙe gabas sak daga Maraɗi, ya kauce wa Makka da fiye da kilomita 1,000 ta kudu, ƙasar Habasha ya dosa.

Masu ƙin awo suna kafa hujja da cewa na nesa jiha kawai ake nema daga gare shi. Gaskiya ne, haka malamanmu na Malikiyya suka tabbatar, shi ya sa ba mu ce sallar kowa ta ɓaci ba, kuma masu ɓata sallar magabata su ji tsoron Allah. Amma an yi wannan rangwame ne ga wanda ya yi ijtihadi iyakar ikonsa. Ina ijtihadin wanda aka miƙa masa ma'auni ya ture? Mutanen Ƙuba suna cikin sallar asuba labarin sauya alƙibla ya iske su, nan take suka juya.

Ga hanya ba da ko dala ba. Ranar 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe, da 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, agogon Nijar, rana tana tsaye bisa Ka'aba. Ka kafa sanda a miƙe a fili, ka ja layi bisa inuwarta, ka tsaya kan layin kana duban sandar: ka fuskanci alƙibla.

Tsohon masallaci ba sai an rushe shi ba, a gyara sahu da shawarar liman. Sabo kuwa amana ce a wuyan kwamitinsa.

Allah Ya datar da mu. Wassalamu alaikum.