Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Shiga

A shekarar 1945, 'yan makarantar Tarayyar Sobiyet suka ba jakadan Amurka kyautar tambarin ƙasarsa, sassaƙar katako. Ya rataye shi a gidansa na Mosko. Sai a 1952 aka gano na'urar satar magana a cikinsa. Ba ta da batir, igiyar rediyo da ake aiko mata daga waje ke tashe ta.

Yau irin waɗannan na'urori sun yi araha, har ana farautar asirin kamfanoni da su, kamar yadda ake haɗa wani magani. A ganina, sayen injin gano su bai wadatar ba. Wajibi ne a koya wa ma'aikata tantance kyauta da baƙo da mai gyara, domin hannun mutum ne ke shigo da na'urar.